Injin roka da ake sake amfani da shi: me ke cinye shi, kuma sau nawa zai iya tashi?

Ranar 21 ga Disamba, 2015, sashen ƙasa na rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ya kai kayansa sama, ya juyo ya dira a kan ƙafafunsa a Cape Canaveral da ke jihar Florida ta Amurka. Yau ganin roka ta tafi ta dawo ya zama ruwan dare, har mutum yakan ga bidiyon a wayarsa ya wuce bai tsaya ba. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne halin da injinan ke ciki bayan sun huce, da aikin da ake yi kafin a yarda a sake kunna su. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Injin da ba ya kai minti goma yana aiki, me zai cinye shi?

Wanda ya saba da mota dole ya yi mamaki, tunda direban tirela yakan kwana yana tafiya injinsa na ruri, gobe ma haka. RS-25, babban injin kumbon Shuttle na hukumar NASA, minti 8 da rabi yake aiki a kowace tafiya. Merlin na Falcon 9 kuwa kamar minti 2 da rabi ne a hawa.

Sai dai a cikin ɗakin wutar RS-25 zafi yana kai digiri 3,300, wanda ya wuce zafin da ƙarfe ke tafasa, balle narkewa. A bayan bangon ɗakin kuma ga haidirojin da aka mayar ruwa, wanda ke fitowa daga tanki da sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Matsin da ke cikin ɗakin ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200. Mai ƙera injin mota idan ya ji tsoro sai ya ƙara wa ƙarfe kauri ya huta. Mai ƙera roka ba shi da wannan dama, domin duk kilo ɗaya da ya ƙara wa inji ya rage shi ne daga kayan da aka biya shi ya kai. Shi ya sa ake yin komai siriri, daidai inda zai jure, da ɗan rara kaɗan.

Lokacin da ya fi cutar da injin shi ne kunnawa da kashewa. Cikin daƙiƙa kamar 5 RS-25 yake tashi daga sanyi ƙalau zuwa cikakken ƙarfi, kuma kowane sashe nasa yana buɗewa da zafi a nasa saurin. Saboda haka a takardar tarihin kowane inji abu biyu ake rubutawa: daƙiƙoƙin da ya yi yana ci, da kuma sau nawa aka kunna shi. Na biyun ne sau da yawa yake fara cika.

Me ake nufi idan an ce ƙarfe ya gaji?

Ɗauki wayar ƙarfe ka lanƙwasa ta, ka miƙar, ka sake lanƙwasawa. Ba ta karyewa a karon farko ko na biyar, amma a wani karo za ta rabu a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Tun farko wata tsaga da ido ba ya gani ta fara, kowane lanƙwasawa yana ƙara mata tsawo.

Iri biyu ne a injin roka. Akwai lanƙwasa babba wadda ba ta da yawa, wato buɗewa da tsukewar da zafi da sanyi ke jawowa a duk kunnawa. Akwai kuma ƙarama mai yawan gaske, wato girgiza. Famfon da ke juyi 35,000 a minti, a tafiya ɗaya ta Shuttle ya yi juyi kusan 300,000, kuma a kowane juyi fikafikan farfelarsa suna shan bugun iska mai zafi sau da dama. Ta farko takan buɗe tsagar, ta biyu ta ƙarasa ta.

Wane sashe ne ya fi ba injiniyoyi ciwon kai?

Famfo. Kusan duk wanda ya ƙera babban injin roka a nan ya fi shan wahala.

Aikinsa shi ne ya zuƙo mai daga tanki ya tura shi cikin ɗakin da matsinsa ya riga ya yi yawa. Farfela ce ke juya shi, ita kuma iska mai zafi ke kaɗa ta, duk a kan sanda ɗaya. Ke nan ƙarshen sandar ɗaya yana cikin wuta, ɗaya yana cikin ruwa mai sanyin da ya fi ƙanƙara nesa ba kusa ba. Babban famfon haidirojin na RS-25 yana ba da ƙarfin doki kusan 70,000, alhali girmansa bai fi na injin babbar mota ba. A samfurinsa na farko fikafikan farfela 122 ne, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, kowanne kuma yana ɗauke da ƙarfin doki kusan 600. Tun lokacin gwaje-gwaje a shekarun 1970 fikafikan nan suke tsagewa a gindinsu, inda suka shiga faifan. A 1976 ma sandar famfon ta riƙa kaɗawa kamar bulala idan gudu ya kai wani mataki, abin da ya cinye watanni kafin a shawo kansa.

Akwai kuma wata cuta ta bakin famfo. Idan ya zuƙi ruwa da ƙarfi, matsi yakan faɗi har ruwan ya yi kumfa, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe tana gatsarsa kaɗan-kaɗan, tana kuma girgiza shi. Ranar 15 ga Nuwamba, 1999 rokar H-II ta Japan ta faɗi bayan injinta LE-7 ya mutu a sama. Japanawa suka bi injin har ƙarƙashin tekun Fasifik, zurfin kusan mita 3,000, suka ciro shi, suka tarar fiffiken bakin famfon haidirojin ne ya karye saboda irin wannan girgiza. Wannan inji na tafiya ɗaya ne, bai ma ƙarasa ta ba. Wanda ake so ya yi tafiya ashirin sai ya jure abin nan sau ashirin.

Famfon oksijin na RS-25 yana da nasa tashin hankali. Iskar da ke juya farfelarsa cike take da haidirojin mai zafi, abin da yake turawa kuma ruwan oksijin ne. Idan suka haɗu, famfon kansa ne zai zama makamashi. Abin da ke raba su jerin zobban toshiya ne, da iskar hiliyam da ake hurawa tsakani ba tsayawa. Zobban kuma suna gogar sanda mai juyi 28,000 a minti, dole su ci.

Da wane mai ake shafa wa boris ɗin waɗannan famfuna?

A RS-25, babu. Man inji zai daskare ya zama dutse a sanyin haidirojin, a cikin ruwan oksijin kuwa zai kama da wuta. Ruwan da famfon ke turawa shi ne ke sanyaya boris, kuma ba shi da santsin kirki. Ɗan santsin da ake samu daga kejin da ke riƙe ƙwallayen yake fitowa, don an haɗa shi da Teflon, irin wanda ke hana abinci kamawa a kasko. Ƙwallayen ƙarfe na farko sun riƙa cinyewa da wuri, musamman a famfon oksijin. Sai da aka koma ƙwallayen wani tangaran mai tauri da ake yi da silikon da naitirojin sannan aka samu sauƙi.

Idan wutar ta fi ƙarfin kowane ƙarfe, yaya bangon ɗakin ba ya narkewa?

Dabarar ita ce a sa man ya sanyaya bangon kafin a ƙone shi. Bangon ciki na ɗakin wutar RS-25 da jan ƙarfe aka yi shi, an gauraya da ɗan azurfa da zirkoniyam, domin jan ƙarfe yana saurin wuce da zafi. A bayansa an sassaƙa 'yan magudanai 390 da haidirojin ke gudu a ciki. Tsakanin wutar da magudanar, kaurin bangon bai kai milimita ɗaya ba. Mazurarin da wutar ke fita ta cikinsa, wanda ke kama da ƙararrawa, shi kuma siraran bututai 1,080 ne aka jera aka like.

Ga yadda bangon ke tsufa. Da an kunna inji, fuskar da ke kallon wuta tana son ta buɗe, amma ƙarfen da ke bayanta yana da sanyi, ya riƙe ta gam. Tunda ba inda za ta, sai ta matse kanta ta ɗan lotsa. Da an kashe inji ta huce, sai ta tsuke, a ja ta ta ɗaya ɓangaren. Ba ta komawa daidai yadda take. A kowane zagaye matsin da ke cikin magudanar yana ɗan turo ta waje, tana ƙara sirancewa a tsakiya. Idan aka yanka tsohon ɗaki aka duba da madubin ƙara girma, rufin magudanar da a da yake shimfiɗe za a ga ya yi tozo kamar jinkar ɗaki, har injiniyoyin Amurka suna kiransa ɗakin kare. Wata rana tozon ya tsage.

Abin mamaki, irin wannan tsaga ba lallai ta kashe inji ba. Mai sanyi yakan tsiyayo ta cikinta ya sanyaya wurin, kuma an sha yin aiki da ɗakuna masu 'yan tsagogi a cikin iyakar da aka yarda. Amma man da ya tsiyaye asara ne, kuma tsaga ba ta komawa baya. Ban da wannan, fuskar jan ƙarfen takan yi fari-fari ta yi kaushi saboda oksijin da haidirojin suna cinta bi da bi, wurin da ya yi kaushi kuma ya fi ɗaukar zafi. Ma'aikata kan goge shi da hannu ya koma sumul tsakanin tafiya da tafiya. Wannan matsala ce ta sa cibiyar Glenn ta NASA ta haɗa sabon gaurayen jan ƙarfe mai suna GRCop, wanda yanzu kamfanoni ke buga ɗakunan wuta da shi a na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa.

Irin man da ake ƙonawa yana da tasiri?

Sosai, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Haidirojin ba ya barin datti, tururin ruwa kawai yake fitarwa. Amma ƙwayarsa ita ce mafi ƙanƙanta a duniya, tana kutsawa cikin ƙarfe ta mayar da shi mai gautsi, yadda zai karye maimakon ya lanƙwasa. Dole aka riƙa lulluɓe wasu sassan RS-25 da jan ƙarfe ko zinariya don a raba su da shi. Yana kuma tsiyaya ta kafar da ko iska ba za ta bi ba. Tururin ruwan ma ba a barin sa: da Shuttle ya sauka ake hanzarta busar da cikin injinan don kada boris su yi tsatsa.

Kananzir ɗin roka, wanda ake kira RP-1, shi Merlin ke sha. Yana da sauƙin ajiya da sauƙin turawa, amma duk wanda ya taɓa amfani da fitilar ƙwai ko risho ya san halinsa. Yana barin baƙi. Idan ya yi zafi da yawa a cikin magudanan sanyaya, yakan bar wani dasƙararren baƙi a bango, wanda ke hana zafi wucewa. Baƙin da ake gani a jikin Falcon 9 da ta dawo hayaƙin injinanta ne da ta ratsa tana saukowa.

Metan, wato babban abin da ke cikin iskar CNG da ake sa wa motoci, yana tsakiya. Ba ya barin baƙi kamar kananzir, ba ya kuma cin ƙarfe kamar haidirojin. Ba banza ba Raptor na SpaceX da BE-4 na Blue Origin duk suka zaɓe shi.

An ce an ƙera injin Shuttle don tafiya 55. Ya kai?

Bai kai ba, bai ma kusa ba. Lokacin da kamfanin Rocketdyne ya karɓi kwangilar ƙera shi a 1971, buƙatar ita ce inji ya yi tafiya 55, jimillar awa 7 da rabi yana ci, kafin babban garambawul. Masu tsara shirin suna hasashen kumbo ya sauka, bayan mako biyu ya sake tashi. Abin da aka samu daga tashin farko ranar 12 ga Afrilu, 1981 zuwa 2011 shi ne tafiya 135 cikin shekara 30. Shekarar da ta fi kowacce, 1985, tara aka yi, kuma mafi saurin juyowar kumbo ɗaya kwana 54 ne.

Bayan hatsarin kumbon Shuttle mai suna Challenger a 1986, masanin kimiyyar nan Richard Feynman, wanda ke cikin kwamitin bincike, ya leƙa sashen injina duk da ba su suka jawo hatsarin ba. A ƙarin bayanin da ya rubuta wa rahoton kwamitin, ya nuna cewa ana canza famfon haidirojin bayan aikin da ya kai tafiya uku ko huɗu, na oksijin bayan biyar ko shida, wato abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tsara ba. Ya ɗora laifin a kan yadda aka zana injin gaba ɗaya lokaci guda, kafin a gama sanin halin kayan da za a yi shi da su, ta yadda idan matsala ta fito gyaranta sai an taɓa komai. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda ake sassauta ƙa'ida a hankali: an ga tsaga a fiffike, an tashi da ita ba abin da ya faru, sai a ce ashe ba komai.

NASA ta kwashe shekaru tana gyara. A 1995 sabon famfon oksijin na Pratt & Whitney ya fara tashi, a 2001 na haidirojin ya biyo baya. An rage wuraren walda ƙwarai ta hanyar zuba sassa a dunƙule, tunda a bakin walda tsaga ta fi farawa. Fikafikai kuma aka koma yin kowanne da ƙwayar ƙarfe guda, babu gaɓar da tsaga za ta bi. Gyaran da ya fi burge ni shi ne na 1998, don ba wata sabuwar fasaha a cikinsa: faɗaɗa maƙogwaron ɗakin wuta kawai aka yi. Matsi ya ragu, zafin farfela ya ragu, inji ya ɗan rasa ƙwazo, sassa kuma suka ƙara kwana.

Duk da haka, a mafi yawan shekarun shirin, ciro injinan uku ake yi bayan kowace tafiya a kai su shago a cibiyar Kennedy. Injin ya dawo, amma kuɗin da aka so a tsira da shi ya tafi wajen dubawa.

Ya taɓa kashe mutane?

A'a. Challenger zoben roba ne na rokar gefe ya ba da kafa ranar 28 ga Janairu, 1986. Columbia kuma a 2003 wani ɓallen soso ne daga tanki ya fasa mata fiffike. Cikin tafiya 135, kowace da inji uku, sau ɗaya tak RS-25 ya mutu a sama, ranar 29 ga Yuli, 1985, kuma lafiyarsa ƙalau. Na'urorin auna zafi ne suka lalace suka yi wa kwamfuta ƙarya, ta kashe injin tsakiya. Na'urar inji na biyu ta fara irin wannan, sai injiniya Jenny Howard a ɗakin kula da tafiya ta gane, ta sa aka hana kwamfutar kashe shi. Kumbon ya isa falaki a ƙasa da inda aka nufa.

Wanda ya fi kusa da zama bala'i shi ne na 23 ga Yuli, 1999, tafiyar da Eileen Collins ta zama mace ta farko da ta jagoranci Shuttle, ɗauke da madubin hangen taurari na Chandra. A saman ɗakin wuta akwai 'yan bututai 600 da ke feso oksijin. Idan ɗaya ya nuna alamar gajiya, al'adar lokacin ita ce a toshe shi da wata 'yar ƙusa mai ruwan zinariya, tsawonta kamar inci ɗaya. Ana kunna injin dama, ƙusar ta fice, wuta ta harba ta kamar harsashi, ta daki mazurari ta fasa bututai uku cikin 1,080. Haidirojin ya yi ta zuba har sama. Kwamfutar injin ta ga matsi ya ragu ta ƙara oksijin, wanda ya sa tankin ya ƙare kafin lokaci da ɗan kaɗan. Kamar hakan bai isa ba, daƙiƙa 5 bayan tashi wata wayar lantarki da ta daɗe tana gogar kan wata ƙusa ta haɗu, ta kashe kwamfuta ɗaya-ɗaya a injina biyu, ta biyun da ke kan kowane inji ta riƙe. Sun isa lafiya. Daga nan aka daina toshe bututu da ƙusa, aka koma cire shi, aka kuma dakatar da kumbunan watanni ana bin wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

A lura cewa faci ne ya kusa jawo wannan, facin da aka yi don a ƙara wa tsohon sashe kwana.

To me ya sa Merlin ya yi abin da RS-25 ya kasa?

A ganina babban dalili shi ne ba a matsa masa kamar yadda aka matsa wa RS-25 ba. Matsin ɗakin wutarsa bai kai rabin na RS-25 ba. Tsarinsa ma mai sauƙi ne: ana ƙona ɗan mai a gefe a juya farfela, a zubar da hayaƙin waje. Asarar mai ce, amma famfo ba ya shan wahala. RS-25 ba ya zubar da komai, hayaƙin farfelarsa cikin babban ɗaki yake komawa, wanda ke tilasta wa famfo ya ba da matsin da ya ninka na ɗakin sau biyu da ɗoriya.

Na biyu, yawa. Injina tara ne a kowace roka, ɗaya zai iya mutuwa sauran su ƙarasa, kuma kamfanin yana ƙera su da yawa yana tashi kusan kullum, yana ganin abin da ke lalacewa da idonsa. A 2016 sun ɗauki wani sashen ƙasa da ya dawo a jigace suka kai filin gwajinsu na McGregor a Texas, suka yi ta kunna shi cikakken lokaci sau da dama don su ga inda zai fara gazawa. Ranar 30 ga Maris, 2017 aka fara sake tashin wanda ya taɓa zuwa. Merlin ma ya yi fama da tsagewar faifan farfela, har NASA ta nemi a gyara kafin ta ɗora 'yan sama jannatinta, gyaran kuma ya shigo a samfurin Falcon 9 mai suna Block 5 na Mayun 2018. An tsara samfurin don tafiya 10 ba tare da babban gyara ba. An cika goman a Mayun 2021, a Agustan 2025 kuma sashe mai lamba B1067 ya yi ta 30.

Sai dai a kiyaye: adadin na gangar rokar ne. Ana ciro inji a sa wani, don haka ba dole injinan taran da suka fara da ita su ne ke jikinta yau ba.

Dawowa ƙasa tana ƙara wa injin wani abu?

Tana ƙarawa. Injinan Shuttle ba a sake kunna su bayan hawa, a bayan kumbo suke fakewa ya sauko da su. Falcon 9 da injinanta take fuskantar iska tana saukowa da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa. Uku daga cikin taran ake sake kunnawa don rage gudu, na tsakiya kuma shi ke sauke ta. Idan za ta koma inda ta tashi, na tsakiyan zai kunnu sau huɗu a tafiya ɗaya, kuma an riga an ga abin da kunnawa ke yi wa ƙarfe. Wani ruwa ne da ke kamawa da kansa da ya taɓa oksijin ake kunna su da shi, shi ne koren hasken da ke walƙawa kafin wuta. A Fabrairun 2018 sashen tsakiya na Falcon Heavy, roka mai sassan ƙasa na Falcon 9 uku a haɗe, ya faɗa teku don wannan ruwa ya ƙare masa, inji ɗaya kawai ya kama cikin uku.

Sai gishiri. Roka da ta sauka a jirgin ruwa takan yi kwanaki tana shan iskar teku kafin ta iso gaɓa. Kamfanin Rocket Lab ya wuce nan: rokarsa Electron cikin ruwan take faɗawa, amma a Agustan 2023 ya sake tashi da injin Rutherford guda da aka tsamo daga teku.

Tsohon inji da sabo, wanne ya fi aminci?

Amsar ba ta miƙe ba. A Maris ɗin 2020 wani Merlin ya mutu a sama a tafiya ta biyar ta rokarsa. Da aka bincika, ɗan ruwan barasar wanki da aka wanke injin da shi ne ya maƙale a wani lungun na'urar awo ya kama da wuta. Wankin ne ya jawo, ba tsufa ba. A Fabrairun 2021 wata ta faɗa teku saboda rigar da ke rufe gindin inji ɗaya ta huje, iska mai zafi ta shiga. Wannan tsufa ne, don rigar tana cikin waɗanda suka fi yawan tafiya. A Oktoban 2020 kuwa sababbin injina ne fil suka sa kwamfuta ta tsayar da tashi saura daƙiƙa 2, saboda wani fenti mai kama da jan farce da aka manta a wata 'yar kafa tun daga masana'anta.

Sabon inji yana iya zuwa da kuskuren ƙira da ba wanda ya gani. Wanda ya je ya dawo sau biyu ko uku ya nuna ba shi da wannan, tsufa kuma bai kama shi ba. NASA da rundunar sararin samaniyar Amurka, waɗanda da farko sai sabuwar roka suke yarda, yanzu duk suna hawa wadda ta taɓa zuwa.

Akwai kuma hatsarin gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya. Ranar 12 ga Satumba, 2022 mazurarin injin BE-3 na rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin ya fashe a sama. Ba mutane a ciki, kumbon da ke samanta kuma ya tsere ya sauka da lema. Blue Origin ya bayyana daga baya cewa wani canji da aka yi wa tsarin sanyaya ya sa mazurarin yana zafi fiye da yadda aka lissafa, har ya gaji ya tsage.

Yaya ake gane tsagar da ido ba ya gani?

Ana zura siririyar kyamara mai lanƙwasa ta ƙofofin da aka bari don haka, kamar yadda likita ke leƙa cikin mutum. Ana shafa wani rini da ke shiga tsaga ya haska a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ana ɗaukar hoton walda kamar na ƙashi a asibiti, ana kuma hura hiliyam a bi gaɓoɓi da na'ura ana neman inda yake fita. Wani gwajin kuma kowane makanike zai gane shi: a sa sifana a juya sandar famfo a hankali, a auna ƙarfin da take nema da yadda take motsi gaba da baya. Idan boris ya fara ci, a nan zai nuna.

Matsalar ita ce buɗe inji ma yana cutar da shi. Duk gaɓar da aka kwance sai an sake ɗaure ta, an sake gwada ta, kuma hannun mutum na iya barin wani abu a ciki. Shi ya sa aka fi karkata ga sauraron injin yana aiki. Daga 2007 kwamfutar RS-25 tana jin girgizar famfunansa, tana da ikon kashe inji idan ta wuce iyaka.

Wannan ya shafi mai karatu a nan?

Ta hanya ɗaya a fili. Taurarin ɗan Adam na Starlink, tsarin intanet na SpaceX wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, dubbai ne, kuma kusan dukkansu a kan rokokin da suka taɓa zuwa aka kai su. Ba don injinan suna jure maimaici ba, da kuɗin harba su ya hana shirin tsayawa da ƙafarsa.

Raptor fa, da ake cewa zai riƙa tashi kamar jirgin sama?

Raptor ya koma hanyar matsi mai yawa, kusan ninki 300 na iska, sama da RS-25. Dabararsa ita ce dukkan metan da dukkan oksijin suna bi ta farfela kafin su shiga ɗaki. Da yake iskar da ke kaɗa farfelar tana da yawa, ba sai ta yi zafi sosai ba. Kowane famfo kuma irin ruwansa ne ke juya shi, don haka babu waccan fargaba ta raba haidirojin da oksijin a sanda ɗaya. Farashin shi ne oksijin mai zafi da matsi, wanda ke cin yawancin ƙarafa kamar itace. Injiniyoyin Tarayyar Sobiyet sun riga kowa iya wannan da injinsu RD-170, wanda aka tsara don tafiya 10 amma ba a taɓa dawo da shi ba. SpaceX sai da ya haɗa gaurayen ƙarfe nasa.

A tashin farko na Starship, babbar rokar SpaceX da ke amfani da Raptor, ranar 20 ga Afrilu, 2023, injina da dama cikin 33 sun mutu. A tafiya ta biyu da ta uku matatar oksijin ce ta toshe ta hana injina abin sha. Ranar 13 ga Oktoba, 2024 hasumiya ta cafke sashen ƙasa da hannuwanta, a Janairun 2025 inji ɗaya daga cikinsa ya sake tashi, a Mayun 2025 kuma aka sake harba sashe guda da injina 29 da suka taɓa zuwa. Wannan ci gaba ne na gaske, amma tafiya biyu ba ta gwada tozon magudana ba. Samfuri na uku na Raptor an cusa yawancin bututansa cikin jikinsa, an cire gaɓoɓi masu noti don kada su yi yoyo. Elon Musk, shugaban SpaceX, da kansa ya ce gyaran wasu wurare sai an yanka an sake walda.

Ina injinan Shuttle suke yanzu?

Wasu suna gidajen tarihi. Guda 16 NASA ta adana ta ba sabuwar rokarta SLS, wadda ke ɗaukar huɗu a kowace tafiya kuma ba ta dawo da ko ɗaya. Da yake ba za a sake amfani da su ba, an ƙara musu wuta: a Shuttle kashi 104.5 cikin ɗari na ƙarfin da aka fara tsara musu suke bayarwa, a SLS kashi 109, sababbin da ake ƙerawa kuma 111. Ranar 16 ga Nuwamba, 2022 huɗun farko suka ɗaga tafiyar farko ta SLS, mai suna Artemis I, zuwa hanyar wata. Dukkansu sun taɓa kai 'yan sama jannati sun dawo, an wanke su, an leƙa cikinsu, an goge bangonsu da hannu shekara da shekaru. Sun yi minti 8 suna ci, sannan suka faɗo tare da gangar rokar a tekun Fasifik.